Ragon Alhaji Abbakar da Buɗewar Sararin Samaniya

Na sauka Khartum da tsakar rana, a wata shekara kafin yaƙi ya watsa garin, riƙe da jaka ɗaya da kundin digirin wata ɗaliba wanda na karanta har gefen takardunsa ya yi baƙi. Mutanen da zan ambata duk suna raye, ko da yake yanzu kowa na inda Allah ya jefa shi.

Wata jami'a ce ta gayyace ni in zama mai jarrabawa daga waje. Sunan ɗalibar Nafisa Abbakar, ban taɓa ganin ta ba. Abin da na sani game da ita shi ne abin da malaminta ya rubuto mini: an sha gayyatar masu jarrabawa daga ƙasashe suna cewa za su zo, ba sa zuwa, shekarun da aka ɗiba mata na karatu sun ƙare da wannan zangon, shi kansa malamin zai bar ƙasar a ƙarshen wata, ya samu aiki a ƙasashen Larabawa. In wannan zaman bai yiwu ba, ko aka soke shi, aikin da yarinyar ta yi shekaru tana yi ya tafi ke nan. Wannan ne ya fito da ni daga Kano da tsufana da ciwon gwiwata.

Wanda aka ce zai tarbe ni bai zo ba. Mai tasin da na samu ya ji Larabcina na Alƙahira, ya dubi babbar rigata, ya yanke hukuncin cewa ban san gari ba. Gaskiyarsa kuwa. Ya haye da ni kogi, ya sake hayowa da ni ta wata gadar, yana nuna mini inda farin Nilu ya haɗu da shuɗi kamar na ce masa yawon buɗe ido na zo. Da muka isa masaukin baƙi na jami'ar, sai aka ce mai riƙe da makulli ya tafi ta'aziyya. Na tambayi yaushe zai dawo. Mai gadi ya yi mini murmushi mai daɗi, ya ce, "Ma'alesh, ya Hajj," ya jawo mini kujera ƙarƙashin dalbejiya.

Wannan kalma ta ma'alesh, wato a yi haƙuri, ita ce ta yi mini rakiya har na bar ƙasar. Na yi karatu a Masko, inda ma'aikaci zai ce maka a'a fuska a murtuke, ka san inda ka tsaya, ka tafi ka nemi wata hanya. Na yi aiki a Italiya, inda za a ce maka gobe, a ɗaga kafaɗa, kai da mai faɗar duk kun san ƙarya ce. Amma mutumin Sudan zai hana ka abin da ka zo nema, ya ba ka haƙuri da zuciya ɗaya, ya aika a kawo maka shayi, ya tambayi lafiyar iyalinka ɗaya bayan ɗaya, har ka rasa wanda za ka yi wa fushi. Fushin sai ya zauna maka a ciki kamar ƙwai da bai dahu ba.

Ofishin rajistar baƙi ma haka. Na isa da sassafe, aka ce mai hatimi bai iso ba. Da ya iso, sai lokacin fatur ya yi. Fatur karin kumallonsu ne, amma ba da safe suke yin sa ba, sai rana ta kusa tsakar ka. A lokacin komai tsayawa yake yi. A rufe taga, a shimfiɗa jarida a kan tebur, a kawo babban kwano na dafaffen wake da man riɗi da burodi, kowa ya sa hannu. Kuma ba za su ci su bar ka a layi ba, sai sun kira ka. Haka na tsinci kaina ina cin wake da mutumin da na yi niyyar yi wa masifa.

A kan irin wannan kwanon ne na fara zama da Dakta Tayyib, shugaban sashen, wanda shi ne kuma mai jarrabawa na cikin gida. Dogo ne, siriri, mai furfura a gemu, ya yi karatu a Ingila kuma bai yafe wa kowa wannan ba. Tun kafin mu wanke hannu ya faɗa mini cewa bai yarda da kundin ba.

A nan dole in tsaya in yi wa mai karatu bayanin abin da ake rigima a kai, don shi ne ya tara mu.

Tun da daɗewa masana suka gano cewa sararin samaniya ba a tsaye yake ba, buɗewa yake yi, garken taurari suna ta nisantar juna. Kowa ya ɗauka wannan buɗewa za ta riƙa rage gudu, domin akwai ƙarfin ja tsakanin kowane abu da ɗan'uwansa. Shi ne mai faɗo da mangwaro ƙasa, shi ne mai riƙe wata kada ya tsere mana. In ka jefa dutse sama, gudunsa raguwa yake yi. To sai aka auna hasken wasu taurari masu fashewa can nesa, aka tarar buɗewar ƙara gudu take yi. Kamar ka jefa dutse sama, ka tsaya kana jiran ya dawo, ka ga yana ƙara wuta.

Daga nan masana suka rabu. Mafi yawa suka ce dokar ja da muka gada daidai take, sai dai akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ya cika sarari yana tura komai. Ba wanda ya taɓa ganin sa, ba wanda ya san ko mene ne. Kaɗan kuma suka ce babu wani ɓoyayyen abu. Dokar ce muka gwada a kusa da gida muka ɗauka haka take ko'ina, alhali a nisa mai tsanani tana bukatar gyara. Kundin Nafisa na wannan kashi na biyu ne. Dakta Tayyib kuwa na kashin farko ne har cikin ɓargonsa.

Ya ce masu gyaran doka kamar tela ne da ya ɓata riga, kullum yana ƙara faci. Na ce ai raɗa wa abu suna ba sanin sa ba ne. Mun kira jahilcinmu ɓoyayyen ƙarfi mun sa masa lamba, shi ke nan. Ya ce lambar tana aiki. Na ce ni ban ce ba ta aiki ba. Ni dai a gaskiya ban tsaya a kowane ɓangare ba, na tsufa ina zargin su duka biyun.

Da muka gama, sai ya rage murya ya gaya mini abin da ya fi damun sa. Nafisa Bahaushiya ce, daga gidajen da kakanninsu suka taso aikin hajji a ƙafa suka zauna a hanya. A can Fallata ake kiran su duka. Akwai masu gunaguni a tsangayar cewa an ɗauko wa yarinya ɗan'uwanta daga Najeriya don ya tsallakar da ita.

"Saboda haka, Farfesa, kada ka gan ta sai a zauren jarrabawa," in ji shi. "In na ji ko ruwa ka sha a gidansu, ni da hannuna zan soke zaman. Ba ƙin ta nake yi ba. Digirin da ake nuna shi da baki ba digiri ba ne."

Na ce masa na yi shekaru ina wannan aiki tun kafin ya fara aske gemu, ba na bukatar a koya mini. Ya ce ma'alesh.

Aka sa rana. Ranar ta zo, aka rufe gadoji saboda zanga-zanga, na ukunmu, wani tsohon malamin lissafi mai nauyin ji, yana tsallaken kogi. Aka sake sa rana. Surukin wani a tsangayar ya rasu, sashe kaf ya tafi zaman makoki. Ni kuwa ina masauki, wuta na zuwa tana ɗaukewa, fanka na juyawa kamar mai ciwon baya. Safe wake, rana wake. Da yamma wata miya mai yauƙi da kisra, wainar dawa siririya mai tsami, wadda ba laifi, sai dai ba tuwo ba ce. Na zauna a ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe ƙofa ban yi kewar gida irin wannan ba. Ina jin dalilin shi ne a Masko babu abin da ke tuna maka Kano. A Khartum kuwa komai ya kusa zama gida: zafin, kiran sallar, dalbejiyar, fuskokin mutane. Ya kusa, amma bai kai ba.

Wadda ta riƙe ni a waɗannan kwanaki wata mai shayi ce a bakin kogi, sunanta Hawwa. Tana zaune bayan ɗan akwatinta da kwalaben citta da kanumfari da kirfa. Ran farko na roƙe ta da Larabci ta rage sukari, ta cika shi. Na yi tsaki na ce da Hausa, ni kaɗai, "Wannan ai zuma ce." Sai ta amsa, "To Baba, a sake maka?" Iyayenta sun yi ƙwadagon auduga a Jazira kafin su dawo birni. Tun daga ranar take ajiye mini kujera mai jingina saboda gwiwata, kuma ta daina sa mini sukari sai na gani da idona. Ita ce ta ce in ina son jin Hausa har kunnena ya gaji, in tafi Kasuwar Libiya a Umdurman, garin da ke tsallaken kogi. Ta ce akwai masu agashe a can, wato tsirenmu ne da ya yi hijira ya canja suna.

Daga ƙarshe aka tsayar da safiyar Lahadi, Dakta Tayyib ya ce ko sama za ta faɗo za a yi. Ranar Asabar na ce bari in je in sayo wa uwargida lafaya, in ci agashe, in dawo da wuri in sake duba tambayoyina.

Kasuwar Libiya gari ce guda. Na shiga layin masu yadi ina taya lafaya da Larabci, wani dattijo mai farar jallabiya da rawani kamar kwando yana kallo na daga cikin shago. Can sai ya ce, "Kai wannan hular ba ta nan ba ce. Mutumin ina?" Hausarsa irin ta kakata ce, tsohuwa, mai nauyi, sai dai kowace jimla da jelar Larabci. Na ce Kano. Ya miƙe ya rungume ni kamar ya ga wanda ya ɓata. Ya ce kakansa daga Haɗeja ya taso, ya yi hajji, a hanyar komawa ya tsaya Umdurman ya huta, har yau ana hutawa. Sunansa Alhaji Abbakar. Sunan bai ce mini komai ba, don rabin Hausawan da na gamu da su a ƙasar Abbakar ne.

Ya tambayi abin da ya kawo ni, na ce aikin jami'a, bai ƙara tambaya ba. Sai ya ce yau a gidansa tuwon dawa ake yi da miyar kuka, da daddawa ta gaske da wani ya kawo musu. Ba zan ɓoye ba, daga nan ban ƙara jin komai ba. Ya rufe shago, muka shiga raksha, wato a-daidaita-sahunsu.

Ya sauke ni a zaurensa, ɗaki mai faɗi da gadajen igiya jere a jikin bango. Kafin in gama cire takalmi maƙwabta sun fara shigowa, an ce ga mutumin Kano. Da limamin unguwa, da wani mai gyaran rediyo, da tsofaffin da ke son sanin ko har yanzu ana rini a Kano. Alhaji ya leƙa cikin gida ya kira 'yarsa ta kawo wa baƙo ruwa. Yana jira yana ba ni labarinta da alfahari: gobe za a yi mata jarrabawar zama dakta a kan taurari, an ce an ɗauko wani mugun tsoho daga ƙasarmu ya zo ya kayar da ita, ko na san shi?

Yana rufe baki sai ga ta, da faranti da kofuna. Ta ɗago ido ta gan ni. Ta san fuskata daga hotuna.

"Baba," ta ce, "shi ne."

Na miƙe ina neman takalmina. Ban taɓa ruwan ba, kuma na so kowa ya shaida haka. Amma Alhaji Abbakar murna ce ta kama shi. Ya ce Allah ne ya kawo ni, tuwo ya yi kaɗan, a kamo ragon da ke ɗaure a bayan gida. Na yi masa bayani da Hausa. Na sake yi da Larabci. Na ce in na ci ko lomar tuwo a gidan nan, gobe babu jarrabawa, kuma babu wata bayanta. Nafisa ma ta yi masa magana a hankali. Shi dai abu ɗaya yake ji: mutumin Kano ya shigo zaurensa, a gaban maƙwabta, zai fita bai ci komai ba. Ya ce me za a ce da shi a kasuwa? Na ce a ce da shi uban dakta. Na sa ƙafa ɗaya a takalmi.

Sai ya ɗaga yatsa ya ce da ƙarfi, "Alayyaɗ-ɗalaƙ! Ba ka fita gidan nan sai ka ci ragona!"

Na san ma'anar maganar, na sha jin ta a bakin mutanen Sudan: mutum ya rantse da sakin matarsa don ya tilasta wa baƙo ya ci abinci ko ya kwana. Na ɗauka ado ne na baki. Liman ne ya matso kusa da ni ya ce ba ado ba ne. A unguwar nan in baƙo ya fita, saki ya faɗa. Na ce ai akwai malaman da suka ce kaffara ta wadatar. Ya ce su ba su bin wannan, kuma Hajiya Batula, matar Alhaji, ta fi kowa rashin bin sa. Sannan ya ƙara rage murya. Ya ce an taɓa yi da wani baƙo daga Jazira wanda ya sulale ta ƙofar baya, Hajiya ta tafi gidansu sai da aka yi biko. An sake yi da wani suruki da ya ƙi kwana. Igiya ɗaya ta rage.

Na koma na zauna a gadon igiya da takalmi ƙafa ɗaya. Ban taɓa jin haushin mutum irin na ranar ba. A Rasha an matsa mini in sha abin da ba na sha, na ce likita ya hana, aka ƙyale ni. A Indiya in an dage da ƙara maka shinkafa, rufe farantinka kake yi da hannu. A Kano ka ce alhamdu lillahi ka ƙoshi, an gama. Ban taɓa zuwa ƙasar da mutum zai ɗauki aurensa na shekara da shekaru ya ajiye a gefen kwano ba, ya ce zaɓi. Shi kuwa Alhaji ya fita wurin yanka rago, fuskarsa fes, kamar wanda ya gama wani aikin alheri.

Maƙwabta suka fara ba ni shawara. Suka ce in ci kawai, ba wanda zai ji. Na duba zauren, ya cika har ƙofa, yara na leƙe ta taga. A Umdurman labari yana haye kogi ko an rufe gada. Ban da haka ma, ban ga yadda zan zauna gobe kusa da Dakta Tayyib da ragon mutane a cikina ina yi masa fuskar waliyyi ba.

Nafisa ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta rawa.

"Ka ci, Baba Farfesa," ta ce. "Digiri ya tafi. Uwata ba za ta bar gidan nan da tsufanta saboda ni ba."

Wannan maganar ce ta sa na ciro waya na kira Dakta Tayyib. Na gaya masa inda nake. Ya yi ta faɗa da Turancin Ingila, ya ce ya gargaɗe ni, ya ce abin da yake gudu ke nan, ya ce gobe da safe zai sanar da tsangaya. Na bar shi ya gama. Sannan na ce ban ci komai ba tukuna, amma uban ya rantse da saki.

Da ya sake magana, da Larabcinsu na gida ya yi.

"Saura nawa?"

"Ɗaya."

"La haula. Kada ka taɓa komai. Ko ruwa."

Haka na zauna daga azahar har rana ta yi sanyi, maƙogwarona a bushe, ƙanshin gasasshen nama yana shigowa ta taga, tuwon da ya jawo ni yana can rufe a kwano ina ganin sa. Tsofaffi suka ci gaba da tambaya ta labarin Kano. Na amsa musu da guntun baki.

Gab da magariba raksha ta tsaya a ƙofa. Dakta Tayyib ya fito, ya taimaka wa tsohon malamin lissafi ya sauko, bayansu ga magatakardan tsangaya, wanda shi ne shugaban masu gunagunin. Yadda aka yi ya shawo kansa ban sani ba. Ina jin kalmar saki kawai ya faɗa masa. Suka gaisa da kowa, doguwar gaisuwa, da dafa kafaɗa. Sannan Dakta Tayyib ya naɗe hannun riga, ya dube ni.

"In kai kaɗai ka ci, toshiyar baki ce," in ji shi. "In duk muka ci, abinci ne. Bismillah."

Muka ci. Ban ce naman bai yi daɗi ba. Dakta Tayyib yana gwaguyar haƙarƙari yana wanke Alhaji Abbakar tas, yana ce masa ya zol, wato kai mutumin nan, ka kusa yanka 'yarka tare da ragon. Alhaji yana ta cewa ma'alesh yana tura masa hanta. Ya tambaye mu wai mene ne ma abin da yarinyar ta rubuta. Na yi masa bayanin yadda komai ke nisantar komai, kuma gudun yana ƙaruwa. Ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa kakansa bai koma Haɗeja ba, hanyar ce take ƙara tsawo. Na ce a'a, abin da ke kusa da juna ƙarfin ja yana riƙe da shi, Haɗeja na nan inda take. Ya ce ni dai ban san nisan da ta yi ba.

Da safe muka zauna. Na halarci jarrabawa a ƙasashe da yawa, ban taɓa ganin mai tsanani irin wannan ba, kuma dalilin a fili yake: maza uku, kowanne da rago a cikinsa, kowanne yana son ya nuna ba a saye shi ba. Magatakarda na zaune a baya yana kallon mu. Ba a jima da farawa ba wuta ta ɗauke, Nafisa ta koma allo da alli, gumi yana zuba.

Dakta Tayyib ya ce in ta gyara dokar ja, me ya sa duniyoyin da ke zagaya rana suke bin tsohuwar doka daidai wa daida? Ta nuna masa a lissafi cewa inda abu ya yi yawa gyaran nata yakan lafa, ba ya bayyana sai a sararin da babu komai.

"Wato gyaran naki yana ɓuya a duk inda za mu iya auna shi," in ji shi.

"Naka ƙarfin a ko'ina yake ɓuya, Dakta," ta ce.

Tsohon malamin lissafi ya sa aka maimaita masa, sannan ya yi dariya shi kaɗai.

Ni na tambaye ta game da wasu taurari biyu matattu da suka yi karo, aka ga girgizar da suka aiko ta sarari ta iso kusan tare da haskensu, abin da ya kashe gyare-gyare masu yawa irin nata. Ta nuna nata bai mutu a nan ba, kuma gaskiyarta. Sai na kai ta inda na san akwai rauni, babi na kusa da ƙarshe. Na ce ta ɗaure gyaran nata ta ko'ina don ya tsallake kowane gwaji, har ya koma kama da ra'ayin Dakta Tayyib kamar tagwaye. To da me za mu bambanta su? Ta ce wataƙila ta yadda garken taurari suke taruwa a tsawon zamani. Na ce ta lissafa? Ta dubi allo, ta dube ni.

"Ban gama ba. Ban sani ba tukuna."

Na daɗe ban ji ɗalibi ya faɗi haka a tsaye ba. Muka fitar da ita, muka yi gardama mai tsawo, rabinta ba a kanta ba, a kan sararin samaniya. Daga ƙarshe Dakta Tayyib ya ce har gobe bai yarda da gyaran ba, amma yarinyar ta san abin da take yi, kuma ta san inda saninta ya tsaya. Muka ba ta digiri, da sharaɗin ta sake rubuta wannan babi. Magatakarda ya sa hannu.

A waje, ƙarƙashin dalbejiya, rabin unguwarsu na jira. Mata suka rangaɗa guɗa. A nan na fara ganin Hajiya Batula, 'yar gajeruwar tsohuwa cikin farar lafaya, tana riƙe da hannun 'yarta. Alhaji Abbakar ya ratso mutane ya kama hannuna biyu. Ya ce yanzu babu sauran dalili, jarrabawa ta wuce, in kwaso kayana daga masaukin nan in dawo gidansa in yi mako. Na ce jirgina gobe ne. Ya ce a ɗaga. Na ce ba zai yiwu ba. Sai na ga yatsan nan ya fara tashi sama, bakinsa ya buɗe.

"Alayyaɗ..."

"Alhaji," in ji Hajiya Batula, ba tare da ta ɗaga murya ba, "in ka ƙarasa, jirgin baƙon nan zan bi. Dama ban taɓa ganin Haɗeja ba."

Yatsan ya sauko a hankali. Ni kuwa ban tsaya jiran wani abu ba. Na tsayar da raksha ta farko da na gani, na manta da ciwon gwiwa, na faɗa ciki. Sai da muka yi nisa na tuna har yanzu ban sayo wa uwargida lafayar ba, kuma duk faɗin Khartum da Umdurman shago ɗaya kawai na sani.